Abokai Biyu da Gardamar Halitta: Labarin Darwin da Asa Gray

  Yau tarihi za mu bi. Amma wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa, bari ya sa alama a Ayuba sura 38 da 39, da kuma Ayyukan Manzanni sura 17, gama za mu koma can kafin mu rufe.

A gidaje da yawa an taɓa ganin wannan. Yaro ya kai ajin ƙarshe a sakandare, yana shirin jarrabawa. Ya dawo gida ya ce, "Baba, malaminmu ya ce dukan masu rai daga tushe ɗaya suka fito, suka yi ta canzawa cikin miliyoyin shekaru. Fasto kuma ya ce Allah ne ya yi mu. Wane ne mai gaskiya?" Wani uban zai yi tsawa. Wani zai ce, "Rubuta musu abin da suke so, amma kada ka gaskata." Yaron zai yi shiru, amma tambayar ba ta mutu ba. Za ta bi shi har jami'a, inda babu Baba, babu Fasto.

Wannan tambaya ba sabuwa ba ce. Mutum biyu sun yi fiye da shekara 25 suna juya ta cikin wasiƙu. Ɗaya shi ne Charles Darwin na Ingila, wanda ya kawo koyarwar da ake kira juyin halitta. Ɗayan kuwa Asa Gray ne na Amurka, masanin tsire-tsire, mai bi kuma. Ba su taɓa yarda da juna a kan hannun Allah cikin halitta ba, duk da haka abokai ne har mutuwa. Labarinsu zai taimake mu mu san abin da za mu gaya wa yaron nan.

Agogo a cikin daji

Bari mu fara da abin da aka koya wa Darwin tun yana saurayi. A shekarar 1802 wani malamin ikkilisiyar Angilika mai suna William Paley ya buga littafi da ya yi suna ƙwarai. Ga misalinsa. In kana tafiya a daji ka yi tuntuɓe da dutse, ba za ka damu da inda ya fito ba. Amma in ka tsinci agogo, ka buɗe ka ga ƙananan ƙarafa suna juya juna domin su nuna lokaci, za ka san akwai wanda ya ƙera shi. Paley ya ce ido ya fi agogo gwaninta nesa, haka fiffiken tsuntsu da gaɓoɓin hannu. Saboda haka akwai Mai ƙira.

An haifi Darwin a 1809. Mahaifinsa likita ne, ya tura shi karatun likita, amma bai iya jure ganin fiɗa ba, gama a lokacin babu maganin sa barci. Sai aka mai da shi Jami'ar Kambirij domin ya zama fasto. A can ya karanta Paley, ya ji daɗinsa, bai ga kuskure a ciki ba. A ƙarshen 1831 ya shiga jirgin ruwa mai suna Beagle, suka zaga duniya har 1836. Ya tattara duwatsu, da ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare tun da daɗewa, da tsuntsaye, da ƙwari. Ya lura cewa ƙasusuwan dā na Amurka ta Kudu sun yi kama da dabbobin da suke zaune a wurin yanzu. Ya kuma lura cewa halittun tsibirai suna kama da na babbar ƙasar da ke kusa da su, amma ba daidai suke ba. Sai ya fara tambaya ko dangi ne.

Abin da ya gano, kowane manomi zai gane shi. Lokacin kaka, manomi yana ware zangarniyar da ta fi kyau ya ajiye domin iri. Bayan shekaru, dawarsa ta bambanta da ta maƙwabcinsa. Darwin ya yi kiwon tattabaru, ya ga yadda masu kiwo suka fitar da iri dabam dabam daga tattabarar daji guda. Sai ya ce, ko babu manomi, irin wannan zaɓe yana faruwa. 'Ya'ya ba su zama daidai da juna. Bambancin yana bin jini. Ana kuma haifar fiye da waɗanda abinci zai isa. Wanda ɗan bambancinsa ya taimake shi ya tsira daga yunwa ko cuta ko maƙiyi, shi ne zai haihu ya bar zuriya. In aka ba wannan dogon lokaci, sabon iri zai fito. Wannan ne ake kira zaɓen yanayi.

Kun ga inda matsalar take. Paley ya ce dacewar ido da gani ta nuna hannun Mai ƙira kai tsaye. Darwin kuwa ya nuna hanyar da dacewa za ta iya taruwa kaɗan kaɗan. Ya san nauyin wannan magana, ya riƙe ta kusan shekara 20 bai buga ba.

Mutumin da aka ba amana

An haifi Asa Gray a jihar New York a 1810. Ya yi karatun likita, amma zuciyarsa tana wurin ganye da furanni. A 1842 ya zama shehun malami a Jami'ar Harvard, kusa da birnin Boston, ya kuma zama babban masanin tsire-tsire na Amurka a zamaninsa. Mai zuwa sujada ne, mai riƙe da bangaskiyar da ikkilisiya ta gāda.

A 1855 Darwin ya rubuta masa yana neman bayani a kan tsire-tsiren Amurka. Daga nan wasiƙu suka fara, har suka kai wajen 300. A watan Satumba 1857 Darwin ya buɗe masa asirinsa duka, ya roƙe shi kada ya yaɗa. Mutane kaɗan ƙwarai ne suka san wannan a lokacin. A 1858, sa'ad da wani masani mai suna Alfred Russel Wallace ya aiko da irin wannan ra'ayi daga tsibiran kudu maso gabashin Asiya, an karanta takardarsa a taron masana a Landan tare da wani sashe na wasiƙar nan da Darwin ya aika wa Gray, domin a nuna cewa Darwin ya riga ya kai can.

Gray bai karɓi maganar don abota ba. Yana da tasa shaidar. Ya bincika tsire-tsiren da aka kawo daga Japan, ya ga da yawa sun yi kama da na gabashin Amurka, ko da yake teku da babbar ƙasa sun raba su. Ya ga cewa bayani mafi sauƙi shi ne kakanninsu ɗaya ne, sun bazu a arewacin duniya, sanyi mai tsanani ya kora su kudu ya raba su.

Ranar 24 ga Nuwamba 1859 littafin Darwin a kan asalin ire-iren halittu ya fito, kofi 1,250. Gray ne ya tsaya aka buga shi a Amurka a 1860, ya kuma tabbatar an biya marubucin hakkinsa. A shekarar nan ya rubuta maƙaloli uku yana cewa mai bi zai iya karɓar zaɓen yanayi ba tare da ya musunci Mahalicci ba. Darwin ya ji daɗinsu har ya biya rabin kuɗin da aka sāke buga su a ɗan littafi a 1861, ya rarraba a Ingila.

Misalin Gray shi ne na ruwa. Ruwa yana gangarowa ne bisa ga ka'idarsa, ba wanda yake tura shi. Amma in ka ga ya bi hanyoyi ya shayar da lambu daidai inda ake bukata, za ka ce akwai wanda ya tsara hanyoyin. Gray ya ce haka Allah yake bi da ƙananan bambance-bambancen nan zuwa ga abin da yake da amfani. Ya kuma tuna wa masu karatu cewa kowa ya san yadda jariri yake girma a ciki, amma babu mai bi da ya daina cewa Allah ne ya yi shi.

Zanzaro da tsutsa

A nan abokan suka rabu. A watan Mayu 1860 Darwin ya rubuta wa Gray wasiƙar da har yau ake ambato. Ya ce ba nufinsa ba ne ya yi rubutu irin na marasa yarda da Allah, amma wahala ta yi yawa a duniya. Ya kawo misalin wani ƙwaro ɗan'uwan zanzaro, wanda yake saka ƙwansa cikin jikin tsutsa mai rai, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su ci ta daga ciki. Duk wanda ya taɓa fasa ɗakin laka na zanzaro a bango ya ga abin da aka tara a ciki domin 'ya'ya, zai gane abin da ya dame shi. Ya kuma ambaci yadda kyanwa take wasa da ɓera. Ya ce ba zai iya gaskata cewa Allah mai alheri, mai iko duka, ya shirya waɗannan da gangan ba. Duk da haka ya ce ba zai iya duban wannan duniya mai banmamaki ya ce ƙarfi marar hankali ne ya yi ta ba. Ya kammala cewa maganar ta fi ƙarfin tunanin mutum, kamar a ce kare yana so ya gane tunanin babban masani.

Bayan 'yan makonni ya sāke tambaya. In mutumin kirki ya fake a gindin itace, tsawa ta kashe shi, Allah ne ya nufa? In tsattsewa ta cafke ƙaramin ƙwaro, Allah ne ya ƙaddara wannan tsuntsu da wannan ƙwaro da wannan lokaci?

'Yan'uwa, waɗannan ba tambayoyin mai ba'a ba ne. Darwin da matarsa Emma sun haifi 'ya'ya goma, uku suka rasu suna ƙanana. Wadda ta fi shiga ransa, Annie, ta rasu a watan Afrilu 1851 tana da shekara goma, bayan doguwar jinya, yana zaune a bakin gadonta. Emma mai bi ce. Tun farkon aurensu ta rubuta masa wasiƙa tana tsoron kada shakka ta raba su a lahira. Ya ajiye wasiƙar dukan ransa, ya rubuta a ƙasanta cewa ya sha yin kuka a kanta. Bangaskiyarsa ba ta faɗi rana ɗaya ba. Shi da kansa ya ce a hankali ta zube, dalilansa kuma sun haɗa da shakka a kan mu'ujizai, da koyarwar hukunci na har abada, da yawan wahala.

A 1868 ya ba Gray amsa a fili, a ƙarshen wani babban littafi. Ya ce a ɗauka magini ya gina gida da duwatsun da suka farfashe suka faɗo daga kan tsauni. Ya zaɓi masu faɗi domin rufi, dogaye domin kan ƙofa. Gidan ya yi kyau. Amma ba za a ce kowane dutse ya fashe da siffarsa domin gidan ba. Haka bambance-bambancen halitta suke, in ji shi: suna zuwa iri iri, masu amfani da marasa amfani da masu cutarwa, zaɓe ne kawai yake tsince.

Me Gray ya yi? Bai yi fushi ba, bai kuma ƙirƙiro amsa ba. Ya rubuta wa Darwin cewa ba shi da abin da zai rushe misalin nan da shi, gama yarda da shirin Allah a kan bangaskiya ta fi tsayawa. A shekarar nan kuma shi da matarsa suka ziyarci Darwin a gidansa a ƙauyen Down.

Daga mutum ɗaya

Kada mu ɗauka cewa duk wanda ya yi gāba da Darwin yana tsaye a kan Littafi Mai Tsarki. Babban abokin gardamar Gray a Harvard shi ne Louis Agassiz, masanin kifaye da duwatsu, haifaffen ƙasar Suwizalan. Agassiz ya koyar cewa kowane iri tunani ne na Allah, an halicce shi dabam a wurinsa. Magana mai daɗin ji. Amma ya kai ta har kan 'yan Adam. Ya ce baƙar fata da farar fata ba daga iyaye ɗaya suka fito ba, halitta dabam aka yi musu. A 1850 ya sa aka ɗauki hotunan bayi a jihar Karolina ta Kudu domin ya goyi bayan wannan ra'ayi. Masu kare bauta suka yi murna da shi.

Gray ya ƙi wannan koyarwa. Shi da Darwin sun tsaya cewa dukan mutane dangi ɗaya ne, dukansu biyu kuma sun ƙi jinin bauta. Lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, wasiƙunsu cike suke da wannan zance. Gaskiya ne kuma cewa Darwin ɗan zamaninsa ne. A littafinsa na 1871 a kan asalin mutum ya jera al'ummai, waɗansu sama waɗansu ƙasa, daga baya kuma mugayen mutane suka yi amfani da sunansa suka zalunci waɗansu. Abin lura shi ne, kalmar "halitta" a bakin mutum ba ta isa shaida cewa yana faɗin abin da Bulus ya faɗa a Atina ba. A Ayyukan Manzanni sura 17 manzon ya koyar cewa tushen dukan al'ummai ɗaya ne. A wannan batu Gray ne ya tsaya tare da Bulus, ba Agassiz ba.

Masu bi a gefe biyu

Akwai kuma masu tsoron Allah na gaske da suka ƙi ra'ayin Gray. A 1874 Charles Hodge, babban malamin tauhidi na makarantar Princeton, ya rubuta littafi a kan koyarwar Darwin. Hodge bai ce duk mai yarda da canjin halittu kafiri ne ba. Ya ce zuciyar koyarwar Darwin ita ce cire nufi daga cikin halitta, cire nufi kuwa daidai yake da musun Allah. Ya girmama Gray, amma ya ce Gray ba ɗan Darwin na gaske ba ne. Gray ya amsa cewa haɗari ne a gaya wa mutane su zaɓi ɗaya, ko Allah ko juyin halitta, gama in shaidar juyin halitta ta ƙaru, an riga an nuna musu ƙofar fita daga ikkilisiya. Bayan Hodge, a makarantar nan guda, B. B. Warfield, wanda ya shahara wajen kare cewa Littafi Mai Tsarki ba shi da kuskure, ya yarda cewa Allah yana iya aiki ta hanyar juyin halitta ƙarƙashin ikonsa.

A 1876 Gray ya tattara rubuce-rubucensa. A gabatarwa ya bayyana kansa da abu uku: a kimiyya yana bin Darwin a tasa hanya, a tunani ya tabbata akwai Allah, a addini kuma yana riƙe da Shaidar Bangaskiya ta Nikiya. Ya kuma ƙara wani tunani. Itace yana zubar da dubban 'ya'ya, kaɗan ne suke tsira. Misalin agogo bai iya bayyana wannan asara ba, gama maƙerin kirki ba ya ɓarnar ƙarfe. Amma in ta wurin yawan nan ne zaɓe yake aiki, to, abin da muke gani kamar asara yana da wurinsa cikin babban shiri.

Abota ba ta yi sanyi ba. A 1876 Darwin ya rubuta wa Gray lissafin wani wasa mai kama da dara da yake yi da Emma kowane dare: ita ta ci 2,490, shi 2,795. A 1877 ya keɓe wa Gray littafinsa a kan furanni. A 1879 ya amsa wa wani mai tambaya cewa wauta ce a yi shakkar mutum zai iya zama mai bangaskiya ga Allah da zuciya ɗaya yana kuma yarda da juyin halitta, ya ba da sunan Asa Gray misali. Game da kansa kuwa ya ce bai taɓa musun akwai Allah ba, amma shi mutum ne wanda bai sani ba. Ya kuma yi shekaru yana ba da gudummawa ga aikin mishan a kudancin Amurka ta Kudu.

Darwin ya rasu ranar 19 ga Afrilu 1882, aka binne shi a babbar majami'ar Westminster a Landan. Gray ya rasu a Janairu 1888. Akwai labarin da ake yawan ji a bagade, wai Darwin ya tuba a gadon mutuwa ya janye koyarwarsa. Wata mata ce ta baza shi a 1915, 'ya'yan Darwin kuwa suka ƙaryata shi. Kada mu ƙara faɗinsa. Bishara ba ta bukatar taimakon labarin da ba gaskiya ba.

Abin da ya biyo baya

Darwin da Gray ba su san yadda gādo yake bin jini ba. Wani malamin zuhudu na Katolika, Gregor Mendel, ya buga bincikensa a kan wake a 1866, amma sai a 1900 aka kula da shi. A 1943 gwaji da ƙwayoyin cuta ya nuna cewa canjin gādo yana faruwa ba tare da la'akari da bukatar mai rai ba. A 1953 aka gano siffar DNA, wato sinadarin da yake ɗauke da gādo. Masana kuma sun auna shekarun duniya wajen biliyan 4.5. Saboda haka, a abin da ake iya gwadawa, duwatsun Darwin sun fi ruwan Gray dacewa da shaida. Amma ko akwai nufi bayan dukan wannan, babu ma'aunin da ya taɓa auna shi.

A Amurka gardamar ta shiga kotu. A 1925 aka ci wani malami mai suna John Scopes tarar dala 100 a jihar Tennessee don koyar da juyin halitta. A Disamba 2005 alƙali a shari'ar garin Dover ya yanke cewa koyarwar "ƙirar mai hikima", jikar agogon Paley, ba kimiyya ba ce, ba za a sa ta a darasin kimiyya na makarantun gwamnati ba. A shari'ar nan akwai masu zuwa sujada a kowane gefe. Francis Collins kuma, wanda ya shugabanci aikin karanta dukan gādon jikin mutum da aka kammala a 2003, Kirista ne da ya bi sawun Gray. Har yanzu akwai masu bi da suke karanta kwanaki shida na Farawa a matsayin kwanaki irin namu, akwai kuma masu karanta su dabam.

Tambayar ta iso gida

Kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne kawai. Ikkilisiyoyi da yawa suna sa masu shirin aure su yi gwajin jini saboda ciwon sikila. A 1954 wani likita mai suna Anthony Allison, da ya yi bincike a gabashin Afirka, ya nuna cewa mai jinin AS ya fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Inda zazzaɓin yake kashe yara, masu AS sun fi rayuwa su haihu, shi ya sa jinin ya yawaita, har kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da shi. Amma in AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zama SS. Wannan zaɓen yanayi ne a cikin jininmu. Abin da ya ceci yara da yawa, shi ne yake sa wani yaro kuka da dare. Uwar da ta kwana tana matsa ƙafar ɗanta ta san tambayar Darwin fiye da shehunan malamai.

Yanzu mu buɗe Ayuba. Mutum ne da ya binne 'ya'yansa, ya kuma yi wa Allah tambayoyi masu zafi. A sura 38 da 39 Allah bai nuna masa agogo ba. Ya nuna masa zaki mai farauta, da hankaka mai yunwa, da jimina mai sakaci da ƙwanta, da gaggafa wadda 'ya'yanta suke rayuwa da jini. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye zanzaro da tsutsa ba. Allah ya ce duk waɗannan nasa ne, bai kuwa ba Ayuba dalilin kowane abu ba. Abin da Ayuba ya samu shi ne Allah da kansa. Agogo yana iya nuna gwanintar maƙeri, amma ba zai gaya maka ko maƙerin yana ƙaunarka ba. Wannan a gicciye muka gani, inda Mahalicci ya shiga wahalar halittarsa.

To, me za mu gaya wa yaron? Na farko, kada mu tsawata masa, gama mutanen kirki sun yi wannan tambaya kafin shi. Na biyu, kada mu koya masa ya rubuta abu ɗaya ya gaskata wani, gama wannan koyon zuciya biyu ne. Bari ya koyi darasinsa sosai, ya san abin da shaida ta nuna da inda ta tsaya. Mun san yadda hadari yake haɗuwa, duk da haka muna kawo dawa da doya majami'a ranar godiyar kaka, ba mu kuwa yi ƙarya ba. Na uku, kada mu rataye bangaskiyarsa a kan abin da kimiyya ba ta bayyana ba tukuna, domin ranar da aka bayyana shi, igiyar za ta tsinke. Gray ya rasa misalinsa na ruwa, amma bai rasa Ubangijinsa ba, gama ba a kan misalin ya tsaya ba. Na huɗu, in yaron ya yi nisa cikin shakka, kada mu rufe masa ƙofa. Emma ta zauna da mijinta shekara 43. Gray ya yi ta rubuta wasiƙa har ƙarshe.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, Mahaliccin sama da ƙasa, ka ba mu zuciyar da ba ta tsoron gaskiya. Ka ba iyaye haƙuri, ka ba 'ya'yanmu hikima a makaranta. Ka ta'azantar da gidajen da suke jinya. Inda ganewarmu ta ƙare, ka riƙe mu. Cikin sunan Yesu Kristi. Amin.